Wa Zai Miƙo wa Farfesa Kyamara?

Duk faɗin gaɓar Port Phillip babu wanda ya san kyamarar ƙarƙashin ruwa kamar Mista Rodney Pellow. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa, kuma mutum ne da ba ya rage wa kansa mudu. Shekaru masu yawa ya yi yana sayar da injin tace ruwan wanka a gidajen masu hali, saboda haka idan ya ce a harkar ruwa ya ƙare ƙuruciyarsa, babu mai iya kai shi kotu. Mu 'yan Ƙungiyar Kumfa, masu nutso muna ɗaukar hoto a teku, muna kiransa Farfesa. Da tsokana aka fara. Shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa aka buga masa sunan a ƙirjin rigar robar da yake shiga ruwa da ita.

Kyamararsa ƙirar Kestro ce, amma ba wanda ya isa ya ce mata kyamara a gabansa. Madam ake ce mata. Tana zaune cikin akwatin ƙarfe da ruwa ba ya shiga, da gilashi a gaba mai girman ƙwaryar dama, da hannuwa biyu dogaye, kowanne riƙe da fitila. In an ajiye ta a kan gadar katakon garinmu, wadda ta miƙe zuwa cikin teku, yara kan tsaya nesa su tambayi iyayensu ko daga jirgin sama ta faɗo. A mota ita ke zama kujerar gaba, a ɗaura mata bel. Matarsa ta gida tana baya.

Ƙungiyarmu kashi biyu ce. Akwai 'yan Kestro, Farfesa ne limaminsu. Akwai 'yan Nomira, su kuma Dimity Sloane ke jan su, wata doguwar lauya mai murya kamar ana jan kujera a kan siminti. Ni ɗan Kestro ne tun ranar da Farfesa ya sayar mini da tsohuwar tasa. Kowane wata mukan taru a ɗakin taron bayan coci, mu sha shayi, mu haska hotunanmu a bango, mu yi ta musu a kan wace ƙira ce ta fi fitar da shuɗin ruwa. Ruwanmu kuwa kore ne. Hotunan 'yan Kestro kore ne da wutsiyar kifi yana barin wajen. Na 'yan Nomira kore ne da wutsiyar wani kifin. Ban taɓa ganin an tashi taro ba a ɓata wa juna rai ba.

Abu ɗaya ne muka haɗu a kansa, kuma Farfesa ne ya tsara shi ya zama doka. Ba a faɗawa ruwa da kyamara a hannu, don bugun ruwan kan girgiza murfin akwatin, teku ta shiga ta gaisa da Madam. Ba a kuma sauka tsani da ita, don mai tukunyar iska a baya da dalmar ƙara nauyi a ƙugu yana bukatar hannayensa biyu. Sai mutum ya shiga ruwa tukuna, sannan wani ya kwanta ruf da ciki a kan katakon gada ya miƙo masa. Wannan wanin zai zauna a sama cikin iska, ya tsare makullan motoci da fulas ɗin shayi, har a fito ya karɓi kyamarori ɗaya bayan ɗaya. A takardar ƙungiya sunansa Jami'in Kula da Kayan Aiki. A bakinmu mai miƙo. Dokar ta ce duk wanda ba shi da kyamara a ranar, shi ne.

Sabon shiga ba shi da kyamara. Shi ya sa babu ƙungiyar da ta kai mu son baƙi.

Noeleen Vella ta shigo mana a ƙarshen zafi. Tsohuwar direbar motar 'yan makaranta ce, gajeriya, mai hannu kamar na kanikanci, ta koyi nutso bayan ta ajiye aiki. Ranar farko ta faɗi abin da ya kawo ta, ba kwana-kwana. Ta sayar da gidanta. Da zarar sanyi ya wuce za ta koma Mildura kusa da jikokinta, inda babu teku, sai kogi mai kalar shayi da madara. Kafin ta tafi tana son hoton ƙaguwoyi, wanda aka ɗauka da kyamararta.

Kowa a nan ya san ƙaguwoyin. Cikin sanyin Yuni suke zuwa, dubbai, masu dogayen ƙafafu, su taru a ƙarƙashin gada su hau kan juna su yi tsibi, su tuɓe tsohon ɓawo, su kwana kaɗan, su ɓace sai baɗi. Wanda ya rasa ya rasa. Noeleen kuwa ba ta da baɗi a bakin teku.

Ta ce, "To, Malam Rodney, wacce zan saya? Kai aka ce in tambaya."

Farfesa ya ajiye kofin shayi, ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya dubi silin kamar amsar na rubuce a can.

"Wacce zan saya," ya maimaita a hankali. "Kun ji ko? 'Yar'uwa, burodi ake saya. Taya ake saya. Kyamarar ruwa shiga zuri'a ake yi. Ranar da kika ɗauki ƙira ɗaya, kin ɗauki akwatinta, don kowace kyamara da akwatin da aka ƙera mata, ba ya karɓar wata. Kin ɗauki gilashinta. Kin ɗauki fitilunta. Kin ɗauki abokanta, kin ɗauki maƙiyanta." Ya ɗan kalli Dimity. "Na ga mutane masu ilimi, masu digiri, sun yi wannan zaɓi cikin mako guda. Har yau suna nan a cikinmu. Muna haƙuri da su."

Dimity ta ce, "Zauna, Rodney, shayinka na hucewa."

"Shawarata," ya ci gaba, "ki fara da kallo. Ki riƙe kyamarori a hannunki, ki ji nauyinsu, ki san halinsu. Kuma sa'arki, muna da gurbin da ake koyon haka."

Muka tafa. Ranar Asabar Noeleen na kwance ruf da ciki a kan jiƙaƙƙen katako tana miƙo Madam.

A gaskiya ta iya aikin. Hannun da ya saba juya sitiyarin bas bai san Madam na da nauyi ba. Ba ta taɓa ɓatar da makulli ba. In mun fito muna rawar ɗari, shayi na zube a kofuna. Tun da aka kafa ƙungiya ba mu taɓa samun mai miƙo irinta ba, kuma kowa ya san haka, kuma ba wanda ya faɗa.

Bayan 'yan makonni ta zo taro da fara'a. Ta ce ta yanke: Kestro, ƙaramar, wadda ake cewa ta masu koyo.

Ka zaci Farfesa zai rungume ta. Sai ya rufe ido kamar an taka masa yatsa.

"Kestro," ya ce, "ita ce gaskiya. Amma wace Kestro? Wadda kike nufi, ina da labari daga majiya mai tushe cewa ƙanwarta na tafe. Za ki saya yau, gobe a fitar da sabuwa, jibi ki tsinci kanki riƙe da kayan tarihi. Ni ba zan iya kwana da wannan a zuciyata ba."

Noeleen ta ce, "Ƙaguwa za ta san bambanci?"

"Ƙaguwa ba za ta sani ba. Ke za ki sani. Mu za mu sani."

Sai ta juya wajen 'yan Nomira. A nan ne na ga abin da ban taɓa gani ba. Dimity, wadda ta taɓa bin wani baƙo har bakin motarsa tana yi masa tallar Nomira, ta dafa kafaɗar Noeleen ta ce, "Ƙawata, Nomira ba ta da na biyu. Amma kin gwada maɓallanta da safar hannu mai kauri? Ki jira ruwa ya ƙara sanyi ki gwada tawa a sama. Kada ki biye wa zuciya." Farfesa ya gyaɗa kai. Dimity ta gyaɗa masa. Mutum biyun da ba su taɓa yarda da juna ba ko a kan ƙarfe nawa ne.

Haka aka yi ta yi. Noeleen ta ce fitila ɗaya za ta ishe ta, Farfesa ya yi lacca a kan inuwa. Ta ce to biyu, ya yi lacca a kan nauyi. Ta ce za ta sayi ta hannu, ya ba da labarin wani mutum a Geelong da ya sayi ta hannu, wanda yanzu, in ji shi, kiwon zuma yake yi, ba ya son a ambaci teku. Ni ma na ba da tawa gudummawar. Wata rana ta tare ni a shagon kifi da dankali, ta ce, "Kai Col, kai ba ka da surutu. Gaya mini gaskiya, wacce?" Na tauna dankali na daɗe. Na tuna sanyin saman gada a watan Yuni. Na ce, "Gaskiya, Noeleen, abin yana da faɗi."

Ranar da ta gane, ina cikin ruwa a gindin tsani ina jiran tawa. Tana kwance a sama, fuskarta ta leƙo ta gefen katako, iska na kaɗa gashinta.

Ta ce, "Col, kafin ni wa ke wannan aikin?"

Na ce, "Tuan."

"Ya daɗe yana yi?"

"E to, ya ɗan taɓa."

"Yaushe ya sayi tasa kyamarar?"

Na yi kamar ina gyara tabarau na ruwa. Ta ce, "Ina jinka."

Na ce, "Makon da kika zo."

Ta miƙo mini kyamarata a hankali, da hannu biyu, yadda aka koya mata. Da muka fito shayi na nan a kofuna. Har da biskit.

Ƙaguwoyi suka iso wata safiyar Lahadi. Saƙo ya zaga waya tun kafin a karya kumallo, kuma kafin hantsi duk muna can ƙarshen gada, inda suka taru, nesa da rairayin da mutum zai ce zai taka ya shiga da ƙafa. Ruwa ya ja baya, tsani ya ƙara tsawo. In ka leƙa ƙasa sai ka ga gindin teku ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, yana motsi. Jama'ar gari sun cika gada, da karnuka da kekunan jarirai. Farfesa ya iso a ƙarshe, yana tura Madam a amalanke, lulluɓe da tawul.

"Ina Jami'armu?" ya tambaya.

"Ga ni nan," in ji Noeleen.

Muka waiwaya. Tana sanye da rigar roba, tukunyar iska a baya, takalman iyo a ƙafa. A wuyan hannunta, ɗaure da zare, wani ɗan abu rawaya yana lilo, bai fi sabulun wanka ba.

Farfesa ya nuna shi da ɗan yatsa daga nesa. "Mene ne wannan?"

"Kyamara. Pelka sunanta, in ji kwalin. A shagon kayan zango na gan ta, kusa da tocila. Ba ta son akwati, ba ta son a miƙo ta. Yarinyar shagon ta ce ko a wanki ta faɗa ba ruwanta."

"Yarinyar shago!" Farfesa ya juya ga jama'ar da suka fara taruwa, don bai taɓa ganin taro ya bar shi ya tafi a banza ba. "Jama'a, ku zama shaida. Wata uku ina gina wannan baiwar Allah. Na ɗauke ta daga duhu, ina hawa da ita mataki-mataki. Yau ta zo mini da abin wasan yara. Wannan ba ƙira ba ce, Noeleen. Ba ta da tarihi. Ba ta da zuri'a. Wa ya taɓa cin gasa da Pelka? Wa ya taɓa yin musu a kan Pelka?"

"Makullanku na cikin bokitin can," in ji Noeleen. Ta dafe tabarau da tafin hannu, ta taka gaba. Funjum.

Kowa ya shiga lissafi a ransa. Mu duka muna da kyamara. Dokar ba ta tanadi irin wannan rana ba. Wani dole ya zauna a sama, kuma ƙaguwoyi ba sa jira.

Tuan ne ya fara. Ya raɗa wa na kusa da shi, "Mutumina, ɗan miƙo mini, yanzu zan dawo." Ya sauka. Na kusa da shi ya raɗa wa Dimity. Dimity ta raɗa mini. Duk wannan Farfesa bai gani ba, don ya samu wasu ma'aurata daga Ballarat yana yi musu bayanin yadda ruwa ke cinye jan launi kafin ya ci sauran. Da na duba sai na ga saura ni da shi. Na sauka tsani a hankali, na ɗaga hannu, na ce, "Farfesa, don Allah." Ya durƙusa, ya kwanta, ya miƙo mini kyamarata, bakinsa bai daina bayani ba. Sai da nauyin ya bar hannunsa sannan ya dubi hagu, ya dubi dama.

"Col," ya ce. "Col! Dawo nan!"

Hular roba tana toshe kunne sosai. Kowa ya san haka. Na nutse.

Abin da ya faru a sama, daga bakin Kelvin muka ji shi daga baya, kuma Kelvin ya ba da labarin a shagon kifi sau da yawa har ya yi santsi. Kelvin wani dattijo ne mai kamun ƙaguwa, da kujerarsa ta naɗi da ragarsa mai zagayen ƙarfe da igiya. Farfesa ya sha rubutu a jaridar gari yana neman a kori masu raga daga gada, ya taɓa kiransu 'yan fashin teku. Kelvin ya yanke wannan shafin ya manna a murfin akwatin ƙanƙararsa.

Da farko Farfesa ya gwada mutumin Ballarat. Mutumin ya ɗaga Madam ta hannun fitila, Farfesa ya yi ƙara, mutumin ya ajiye ya ja matarsa suka tafi. Ya gwada wani saurayi mai kare, saurayin ya ce sai dai Farfesa ya riƙe masa karen. Ya tsaya cikin rigar roba da dalma, gumi na zuba duk da sanyi, kumfar numfashinmu na fashewa a ƙarƙashinsa. Daga ƙarshe ya taka zuwa kujerar naɗi.

"Barka da hutawa, ɗan'uwa."

"A'a," in ji Kelvin, "yau ɗan fashi ya zama ɗan'uwa?"

"Magana ce ta ilimi, ba da kai nake ba. Taimako nake nema. In na shiga ruwa, ka kwanta ka miƙo mini wannan."

"In na kwanta a katakon nan, sai an kira motar asibiti ta ɗaga ni. Bayana ya mutu tun kafin a haifi wancan karen. Amma ga raga, ga igiya."

Farfesa ya leƙa ragar. A tsakiyarta, ɗaure da waya, akwai gangar jikin kaza ɗanya, wadda ta kwana biyu da sanin firji.

"Cire wannan."

"Ragata ba ta sauka ba abinci. In ba ka so, ga hanya."

Kelvin ya rantse cewa Farfesa ya dubi sama, ya dubi ruwa, sannan ya ɗauki Madam da kansa ya kwantar da ita a jikin kazar, har yana gyara mata hannu. Ya bar umarni dalla-dalla: a sauke ta a hankali, a tsayar da ita daidai fuskar ruwa, a jira shi. Sannan ya nufi tsani. Sai dai Farfesa ba ya sauka tsani kamar sauran mutane. Yakan tsaya a kowace matakala ya duba agogonsa da ma'aunin iska. Kelvin kuwa tun yana yaro yake sauke raga, kuma hannunsa bai san wata tasha ba sai ƙasa.

Mu muna can ƙasa. Ba zan ɓoye ba, abin kallo ne. Ƙaguwa a kan ƙaguwa a kan ƙaguwa, tsibi ya fi tsayin mutum, ƙafafu ko'ina, ga tsofaffin ɓawo zube kamar an watse daga kasuwa. Wata na ja da baya tana zare kanta daga tsohuwar rigarta, sabon jikinta ja-ja, laushi kamar ƙullun fulawa. Muna kewaye, fitilu na walƙiya, kowa na harbin ƙurar da na gabansa ya tayar. Noeleen na gefe ɗaya a durƙushe a kan yashi, ba ta motsi, ɗan abinta rawaya a gaban fuska.

Sai inuwa ta sauko a kanmu. Muka ɗaga kai. Ga Madam tana saukowa daga sama cikin raga, a hankali, tana juyawa, hannuwanta a buɗe, kaza a rungume.

Shekara guda muna jiran ƙaguwoyin nan. Mun tsallake gaisuwar surukai, mun yi wa iyali ƙarya, mun shiga ruwan da ke sa haƙori ciwo. Amma ina tabbatar maka, babu ɗaya daga cikinmu, ɗan Kestro ko ɗan Nomira, da bai juya wa ƙaguwoyi baya ya saita kyamararsa a kan ragar nan ba.

Ta dira a gefen tsibin. Ƙaguwoyin da ba su tuɓe ɓawo ba tukuna suka ji ƙanshi. Suka taho. Suka hau hannuwan Madam, suka hau kanta, suka bi ta kan gilashin nan da Farfesa ke gogewa da ƙyalle na musamman, ƙarar faratansu har cikin kunnena, ƙiris-ƙiris. A sama Kelvin ya ji igiya ta yi nauyi. Ya ce shi bai yi tunani ba, hannu ne ya yi aikinsa. Ya ja.

A daidai lokacin Farfesa ya gama da tsani, ya duba fuskar ruwa bai ga komai ba, ya nutso. Suka haɗu a tsakiya. Shi yana sauka, ita tana hawa, da fasinjoji. Ya miƙa hannu, dalma ta ja shi ƙasa. Ya bi ta da kallo har ta fasa fuskar ruwa ta ɓace. Wata babbar kumfa ta fito daga bakinsa. A ƙarƙashin ruwa ba a lacca, amma na san tsawon wannan jimlar.

Ya dira a tsakiyarmu hannu rabbana. Ban taɓa ganin tafin hannunsa a cikin ruwa ba sai ranar. Ya zo wajena ya nuna kyamarata, ya nuna ƙirjinsa. Na yi masa alamar komai lafiya, na matsa. Ya je wajen Tuan, Tuan ya ga wata ƙaguwa mai muhimmanci a can nesa. Wajen Dimity bai ma je ba. Ya yi ta shawagi, har ya tsaya a gaban Noeleen.

Ta dube shi ta cikin tabarau. Ta kwance zaren daga wuyan hannunta, ta sa masa ɗan abin rawaya a tafi. Na ga kafaɗunsa sun sauka, kamar wanda aka yi wa afuwa. Ya juya zai fuskanci tsibin. Ta kamo hannunsa, ta juyo da shi, ta nuna kanta, ta koma ta durƙusa a gaban ƙaguwoyin, ta ɗaga yatsu biyu. Ya ɗauke ta hoto. Ta nuna masa ya sake. Ya sake. Ta nuna ya matsa baya, ya ɗan sunkuya. Ya matsa, ya sunkuya. Da ta gamsu ta karɓi abinta ta ɗaura, ta ci gaba da harkarta.

Fitowarmu wani labari ne, don babu mai karɓa a sama. Sai da Kelvin ya yi ta jawo kyamarorinmu ɗaya-ɗaya a ragar, kowacce ta gaisa da abin da ya saura na kaza.

A taron bankwana aka haska hotuna. Na Noeleen kore ne, kamar na kowa, amma ga ta nan a tsakiya, ga ƙafafun ƙaguwa har saman bango, kuma ana gane ita ce. Ta ce ya ishe ta, a ƙofar firji za ta manna shi a Mildura. Namu kuwa raga ce daga gabas, raga daga yamma, raga daga ƙasa. Aka yi musu mai zafi a kan ko Kestro ce ta fi fitar da fatar kazar ko Nomira. Farfesa bai sa baki ba, sai a ƙarshe ya miƙe ya ce hoton Noeleen ya tabbatar da abin da ya daɗe yana koyarwa, cewa gwanin hannu ko da me ya samu zai yi aiki. Noeleen ta ce, "Na gode, Rodney. A uku daga ciki ka yanke mini kai, amma wannan ya yi."

Da sanyi ya wuce ta tafi. Ba mu samu sabon shiga ba.

Gilashin Madam kuwa ya tashi daga aiki, faratan ƙaguwa sun yi masa zane kamar allon yanka albasa. Farfesa ya rubuta wa masu ƙera akwatin, suka amsa cewa sun daina yin irinsa. Sabon gilashi sai da sabon akwati. Sabon akwati sai da sabuwar kyamara. Ma'ana dai, a halin yanzu Farfesa ba shi da kyamara, kuma Dimity, da yake lauya ce, ta karanta mana dokar a taro da murya mai daɗi, ba ta tsallake ko wasali ba.

Ba mu bar shi shi kaɗai da wannan babban zaɓi ba. Almajiransa ne mu, ba za mu ci amanar karatu ba. Tuan ya kawo masa mujallu. Dimity ta ce a shekarunsa ya kamata ya duba nauyi, ta ba shi Nomira ya riƙe. Wani ya tuna masa da mutumin Geelong.

Asabar ɗin da ta wuce ina gindin tsani, ya leƙo ta gefen katako, ruf da ciki, hular ulu a ka, hancinsa ja, makullan motoci na ƙara a aljihunsa.

"Col," ya ce, "na gama. Kestro babbar. Gobe da safe zan aika a kawo. Mako mai zuwa sai ku nemi wani."

Na ce, "Madalla, Farfesa. Wato ba za ka jira wadda aka ce tana fitowa a watan Maris ba kenan."

Hannunsa ya tsaya cak, kyamarata na lilo a tsakaninmu. Na miƙa na karɓe ta.

"Wacce?" ya ce. "Col, wacce? Wa ya gaya maka?"

Na sa bututun iska a baki, na nutse.